Idon Dama na Malam Lawali

Na daɗe ina ɗage rubuta wannan labari, saboda akwai dangi a cikinsa, kuma har gobe muna haɗuwa a suna da biki. Amma kwanan baya wata maƙwabciyata ta ce mini mijinta ya fara ganin bakan gizo kewaye da fitila, wai har ya sayo maganin ɗigawa a kemis. Nan na ga shirun nawa zai iya cutar da wani.

Sunana Luba, ina koyarwa a firamare a Kaura Namoda. Mijina Malam Lawali yana koyar da tarihi da Hausa a sakandaren maza. Mutum ne da ko tuwo yake ci sai da littafi a gefen tabarma. Abin ya same mu ne a shekara ta biyu da fara aiki da Shari'a, lokacin jihar tamu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba.

Da ciwon kai ya fara, a goshi ta gefen hagu, ido kuma ya yi ja. Ya je kemis aka ba shi ɗigo, ja ya washe, muka ce an samu lafiya. Wata uku yana ɗiga shi. A cikin watannin nan ya dinga bugun ƙyauren ɗaki da kafaɗa, ina yi masa dariya ina cewa ya cika sauri. Wannan dariya tana cikin abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ran nan aka kawo mini shi gida da jini a gwiwa. Amalanke ce ta fito masa ta hagu kusa da layin dogo, shi kuma yana kan babur. Ina wanke masa ciwon ya riƙe hannuna.

"Luba, ba sakaci na yi ba. Babu ta, sai ga ta. Ban ga tahowarta ba ko kaɗan."

Na ce ya rufe idon dama da tafin hannu ya dube ni. Ya rufe. Sai ya ce, "Ina kike?" Ina tsugune a gabansa, gwiwata tana taɓa tasa.

Satin farko ya tafi a layi. A asibitin garinmu suka duba suka ba mu takarda zuwa Gusau. A Gusau muka wuni, ni a layin mata ina riƙe da kati, shi a bencin maza ina hango shi yana laluben takalminsa. Da la'asar aka ce mana na'urar da ake bukata tana Sakkwato. A mota kuwa shi gaba, ni baya tare da mata, duk inda aka tsaya sai na roƙi wani fasinja ya riƙe masa hannu. Ban taɓa roƙo an ƙi ba, wannan kam dole in faɗa.

Likitan Sakkwato dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya daɗe yana haska idon, sannan ya tambayi ɗigon da ake sa masa. Da na miƙa masa kwalbar ya juya ta, ya jefa a kwandon shara. Ya ce hawan jinin ido ne, firesha ta yi yawa ta cinye jijiyar hagu gaba ɗaya, ta dama kuma saura kaɗan.

"Abin da ya tafi ba ya dawowa, Malam. Abin da ya rage muke so mu tsare. Za mu yi aiki nan da sati bakwai, idan firesha ta sauka. Kafin nan ɗigo safe da yamma, kada a tsallake. Kuma kada a bari kowa ya taɓa idon nan. Kowa."

Malam ya ce, "Bayan aikin zan iya karatu?"

Likitan ya ce, "Za ka ga hanya, in sha Allahu."

A sati na biyu na gane cewa jinyar ido ba a ido take tsayawa ba. Idon dama yana gani kamar mai leƙe ta ramin makulli. In ya ɗauki littafi sai ya ga harafi biyu, ya nemi na uku ya rasa layin. Ya daina zuwa makaranta. Ya sa na juya kabad ɗin littattafansa ya fuskanci bango. Abinci sai ya taɓa ya ture. In na zo da ɗigo sai ya ce, "Na mi ne? Don in ga hanyar bayi?" Na gwada karanta masa da kaina, amma tsakanin makaranta da girki da 'ya'yanmu mata biyu, shafi uku nake yi murya ta dushe, shi kuma ya ce ina gudu a inda ya kamata in tsaya. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun aurenmu. Ɗigon ma babu shi a Kaura, sai an yi saƙo Gusau, kuma akuyoyina biyu a kansa suka tafi.

Abokin aikinsa Malam Isiya, mai koyar da Larabci, shi ya kawo mafita a sati na uku. Ya yi sallama da rikoda a hammata, ya ajiye a gaban Malam ya danna. Sai ga muryar Isiya tana karanta babin farko na littafin tarihin da Malam ke koyar wa 'yan ajin ƙarshe. Malam ya saurara fuska a murtuke. Can ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ba haka aka hwaɗin sunan garin nan ba. Ka ja wasalin."

Isiya ya dube ni ya yi murmushi. Ran nan Malam ya cinye tuwonsa.

Daga nan abin ya zama aiki. Malamai huɗu suka raba littattafan a tsakaninsu, suna shiga ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi, don nan ne babu hayaniya. Wani tsohon akawun jirgin ƙasa ya ji labari a masallaci ya ce a ba shi littafin fiƙihu. Kaset kuwa wani mai shago a kasuwa ya ba mu kwali guda na waƙoƙin da suka daina fita tunda aka fara Shari'a. Sai a toshe ramukan saman da takarda a ɗauki karatu a kai. Wani lokaci in babi ya ƙare sai guntun kalangu ya ɓullo, Malam ya yi sauri ya kashe yana dariya. Ƙawayena malamai mata biyu su ma suka karɓi littattafan labarai, suna ɗauka a ɗakina ranar Asabar. A kaset ɗinsu akwai carar zakara da daka daga maƙwabta. Babu wanda ya nemi ko kuɗin batir.

Kaset ɗin da Malam ya gama sauraro, Isiya ya fara ba da aronsa ga wasu marasa gani. Cikinsu har da wani tsohon tela a Zurmi, Alhaji Garba, maƙwabcin Inna, mahaifiyar Malam. Direbobi ke kai masa su dawo da wanda ya gama.

Na ɗauka mun samu sauƙi. Amma a sati na huɗu yayan Malam, Yaya Mudi, mai fataucin shanu a Shinkafi, ya zo dubiya. Ya tarar da shi yana sauraren muryar ƙawata. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

"Lawali, abin da ka koma ke nan? Kwance cikin ɗaki matan mutane na yi maka hira?"

Malam ya ce karatu ne, kuma an tambayi liman ya ce babu laifi. Yaya Mudi ya kauda maganar. Ya zauna ya kawo abin da ya kawo shi. Akwai wani mai cire yanar ido da ke zuwa kasuwar Shinkafi duk Alhamis daga tsallaken iyaka. Da allura yake aiki, ba yanka ba barci. Wani mutumin Galadi an kawo shi da sanda, ya koma gida yana ƙirga shanunsa da idonsa.

Na ce daga bayan labule, "Yaya, likita ya ce ba yana ba ce. Ya ce kada kowa ya taɓa."

Yaya Mudi ya ce, "Likita ya ce zai yi karatu?"

Malam bai musa masa ba, wannan kuwa ya fi maganar Yaya Mudi tayar mini da hankali. Bayan ya tafi na ce, "Malam, kai da iliminka?" Ya ce, "Kaset daɗi gare shi, Luba. Amma ba ni iya komawa layin da nika so, ba ni iya rubutu a gefen shafi. In akwai hanya fa?"

Tun daga ranar ba na son barinsa a gida in na tafi makaranta. In na dawo, kafin in cire hijabi sai na leƙa ɗakinsa.

Ranar Laraba ta sati na biyar na leƙa na tarar da tabarma a naɗe. Babu shi, babu rediyonsa mai cin kaset, kwalbar ɗigo kuwa tana kan taga. Maƙwabciya ta ce Yaya Mudi ya zo da mota da hantsi, wai Inna ce ta aiko a kai mata ɗanta Zurmi ta gan shi. Na zauna riƙe da kwalbar ina ba kaina haƙuri cewa mantuwa ce.

Da la'asar Isiya ya yi sallama yana haki. Ya ce wani direban Zurmi ya ba shi kaset daga Alhaji Garba, tare da saƙon cewa a saurari ƙarshen gefe na biyu yau ɗin nan. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na tsaya daga ciki. Ya danna. Bayan karatun ya ƙare aka ji ƙaras, sai muryar tsoho kusa-kusa da na'urar:

"Malam Lawali, ni ne Garba tela. Ɗiyata ta danna mini jan maɓallin. Na gode da karatu, Allah shi biya. Na ji matan gidanmu na hwaɗin Inna ta yi umarni a kai ka Shinkafi gobe wurin mai allura. Don Allah kada ka tahi. Ni ma wurin irinsu anka kai ni. Kwana ukku ina gani tangaran, har na zura zare a allura mutane na kabbara. Ran na huɗu ido ya kumbura. Shekara tara ke nan ban ga tahin hannuna ba. Masu ba ka labari, kwana ukkun nan suka gani, ba su dawowa ran na huɗu."

Isiya ya ce zai hau babur ya tafi a lokacin. Na ce in shi kaɗai ya je za su ce abin dangi ne, ina ruwansa. Ni kuma ba a ɗaukar mata a babur, motocin Shinkafi sun riga sun tashi. Dole muka jira safiya.

Da gari ya waye muka samu motar 'yan kasuwa, Isiya gaba da rikoda a cinya, ni baya. Motar ta tsaya ɗaukar buhu, ta tsaya ɗaukar awaki, ta tsaya taya ta yi faci. Kowace tsayawa ina jin kamar in sauka in ruga da ƙafa. Rana ta yi sama sosai kafin mu shiga Shinkafi. A gidan Yaya Mudi matarsa ta kauda kai ta ce sun fita tun da sassafe, can bayan kara, inda ake sayar da shanu.

Rumfar zana ce, mutane zaune a layi, wasu da tsumma ɗaure a fuska. Malam yana kwance rigingine a tabarma, Yaya Mudi ya riƙe masa kai. Idon hagu an riga an ɗaure shi da ƙyalle, wani ruwa-ruwa yana bi ta kuncinsa. Mai allurar yana tsugune yana goge ta a gefen rigarsa.

Ban san lokacin da na shiga tsakiyar maza ba. Na ce, "Malam!"

Ya ɗago. "Luba? Na ce a hwara da mataccen, in an dace sai a yi ɗayan."

Yaya Mudi ya ce, "An dace mana, ya ce ya ga haske. Tunda an zo a gama gaba ɗaya. Ke kuma wa ya ba ki izinin hitowa? Umarnin Inna ne. Kin hi uwatai sonshi?"

Mace ba ta ja da uwar miji a tsakiyar kasuwa, kuma duk idon rumfar yana kaina. Mai allurar ya ce a gyara masa, yana da mutane. Yaya Mudi ya mayar da kan Malam ƙasa, mutumin ya sa yatsa biyu ya buɗe fatar idon dama.

Isiya ya durƙusa ya ajiye rikoda dab da kunnen Malam ya danna. Batir ya yi sanyi, muryar Alhaji Garba ta fito a jaye, amma ana ji. Da aka zo wurin "ba su dawowa ran na huɗu", na ga wani dattijo a layi ya laluba sandarsa ya miƙe. Mai allurar ya fara faɗa, wai an zo ɓata masa sana'a. Yaya Mudi ya ce a kashe abin nan.

Malam ya sa tafin hannunsa ya rufe idon dama. Ya ce, "Yaya, sake mini kai."

"Lawali, mi zan ce ma Inna?"

"Ka ce mata maƙwabcinta ya hana. Ta leƙa katanga ta tambaye shi."

Ya miƙa ɗaya hannun, na kama. A gefen rumfar, a tsaye, na ɗiga masa maganin da ya tsallake sau biyu. Ɗigon farko ya zuba a kumatu, na sake ɗigawa.

Ba mu tsira kyauta ba. Kwana biyu da komawarmu Kaura idon hagu ya kumbura ya yi jawur, ciwo har da amai. Muka koma Sakkwato, Malam yana nishi a gaban mota ni ina jin sa daga baya ban iya taɓa shi ba. Likitan ya kwance ƙyallen ya duba, sannan ya juyo wajen Malam.

"Na ce kowa, ko ban ce ba?"

Malam ya ce, "Ka ce."

Idon ya ruɓe daga ciki, dole aka cire shi don kada cutar ta wuce. Aikin idon dama aka ƙara ɗage shi sati biyu, kuma a kwanakin nan firesha ta ƙi sauka, kullum ana aunawa ina kallon fuskar nas kafin ta yi magana. Na kwana goma sha shida a barandar asibiti tare da sauran masu jinya. Ruwa sai an saya, bayi kuwa ba ya faɗuwa. Amma wata nas ta bar mu muka ajiye rediyo a gefen gado, har marasa lafiyan ɗakin suka saba, in kaset ya ƙare sai ka ji wani daga lungu ya ce, "Malama, a juya." Isiya bai fasa aiko da sababbi ta hannun direbobi ba. Yaya Mudi ya zo sau ɗaya da buhun gero, ya zauna a bakin gado ya kasa haɗa ido da ni. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Inna kuwa ta aiko da fura da saƙon cewa ta yi kuka.

An yi aikin, Allah ya sa aka dace. Ɗan abin da ya rage ya tsaya inda yake. Malam yana zuwa masallaci da kansa, yana gane fuska in an matso. Karatu bai dawo ba. Ya koma aji bayan hutu, yana shirya darasi da kunne, kuma kaset ɗin da suka fara da kwali guda yanzu akwati biyu ne, suna yawo tsakanin Kaura da Zurmi da Shinkafi.

Abin da nake roƙon mai karatu kaɗan ne. Ciwon kai da bakan gizo a fitila, ko yawan bugun ƙofa ta gefe ɗaya, ba na kemis ba ne. A rufe ido ɗaya a gwada ɗayan, a tafi asibiti tun ana gani. Kuma in naka ya rasa karatu, kada ka ce ai yana da rai ya gode. Ka nemo masa masu karanta masa da wuri, don zaman shiru ne ke kai mai hankali rumfar zana.

Bayan Malam ya warware muka je Zurmi. Mun gaida Inna, sannan ya ce a kai shi maƙwabta. Alhaji Garba yana zaune a zaurensa kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Ba su taɓa zama tare ba, amma Malam na yin sallama tsohon ya ce, "Lawali ne. Shigo." Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Ni ina tsaye daga bakin ƙofa tare da ɗiyarsa.

Alhaji Garba ya ce, "Ɗayan ya tsira?"

"Ya tsira, Baba. Kaɗan."

"Mi kaka gani yanzu?"

Malam ya matsa kusa har goshinsu ya kusa haɗuwa. "Ina ganin hularka."

Tsohon ya kai hannu ya shafa ta. "Wace kala ce? Su ka sa mini kullum, in na tambaya su ce ta yi kyau."

Malam ya duba da kyau, yana juya kai a hankali don ya kamo ta duka. "Ja ce, da ratsin ruwan ɗorawa. Rigar kuma shuɗiya."

"Ja kan shuɗi?" Alhaji Garba ya cire hular ya juyo wajen ƙofa. "Ke Hassi! Shekara arba'in ina ɗinki garin ga, haka kuka hitar da ni cikin mutane?"

Ɗiyar ta rufe baki da mayafi ta ruga ciki. Ta dawo da huluna guda biyar a faifai, ta ajiye a gaban Malam. Ya dinga ɗaga su ɗaya-ɗaya zuwa hasken ƙofa, yana faɗa wa tsohon kalar kowace.